Yadda ɗalibi zai tsara burin karatun kasuwanci mai amfanar mutanen gari

Da zarar sakamakon BAK, jarrabawar gama sakandare, ya fito, ƙannenmu sukan fara kawo mini takardunsu in duba. Wannan zai nemi gurbi a jami'a, wancan yana neman tallafin karatu, kowa da wasiƙar da ya bayyana dalilinsa na son karanta kasuwanci. Kusan dukkansu magana ɗaya suke rubutawa, wai suna so su yaƙi talauci, su samar wa matasa aikin yi, su ciyar da ƙasa gaba. Niyya ce mai kyau, Allah ya ba da lada. Sai dai ba ta aikatuwa. Ba ta gaya wa yaro darasin da zai fi ba ƙarfi, ba ta nuna masa inda zai nemi sitaj, kuma bayan shekara uku ba mai iya cewa ya cika ta ko bai cika ba.

Ni aikina riƙe littafin lissafi ne. A Tawa na yi karatu, na dawo gida Damagaram ina rubuta wa ƙungiyoyin mata masu man gyaɗa da ƙuli-ƙuli shige da ficen kuɗinsu. A kan tabarmarsu na koyi yawancin abin da zan faɗa a nan. Burin da zai yi maka amfani sai ya amsa tambaya uku: wa zai amfana, wa zai biya, kuma me za a ƙirga a san an yi. Da kai nake, da ke nake, duk da zan riƙa cewa “kai” don sauƙin magana.

Zaɓi matsalar da ƙafarka za ta kai ka

Kada ka fara da “talauci”, don ba shi da ƙofar gidan da za ka je ka yi sallama. Fara da abin da kake wucewa kullum har ka daina ganinsa.

Ga ruwa. Damagaram a kan dutse take zaune, shi ya sa sai an jawo mata ruwa daga nesa, daga Gogo da Macaya da Arunguza, daga baya aka ƙara da na Ganaram. Idan bazara ta yi, akwai unguwannin da famfo kan yi kwanaki bai ɗiga ba, kuma mai saye bido-bido hannun ƴan garuwa ya fi mai famfo a gida biyan tsada, alhali shi ne mai ƙaramin ƙarfi. Ga wake, wanda ƙwari kan mayar gari a cikin buhu. Maganin wannan ya samu: buhun nan mai ruɓi uku da ake ce wa PICS, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta fito da shi, aka fara yaɗa shi a ƙasashenmu daga 2007, ba ya buƙatar hodar ƙwari. To me ya sa har gobe manomin ƙauyenku yake sayar da wakensa da kaka, lokacin da ya fi araha? Ko buhun ne ba ya isa kasuwarsu, ko bashi ne ke jiransa a bakin gona? Wannan tambaya ta ɗalibin kasuwanci ce, ba ta malamin gona ba. Ga dukawanmu da jakunkunansu da takalmansu, aiki mai kyau, kasuwa ƴar kaɗan. Ga raken Waca, ga dabinon Gidimuni, ga tukwanen Mirya. Ɗauki ɗaya tak, wadda za ka iya zuwa wurin masu ita da ƙafa ko da kuɗin kabu-kabu, ka kuma sake komawa.

Zuwan ma da yadda ake yin sa. Kada ka faɗa gidan mutane da takardar tambayoyi kamar ma'aikacin ƙidaya. Nemi wanda zai kai ka, gwaggonka ko mai unguwa, ka gaisa sosai, ka faɗi gaskiya tun farko cewa kai ɗalibi ne, ba ka zo da furoje ba, ba a rubuta sunaye don rabon kaya. In ba ka faɗi haka ba, duk amsar da za ka samu amsar mai neman tallafi ce: kowa zai ce ba shi da komai.

Sannan ka yi tambaya a kan jiya, ka bar gobe. In ka ce, “Inna, in na kawo kaza za ki saya?” za ta ce, “Me zai hana, ɗan nan, Allah ya yi albarka,” saboda alkunya, ba don za ta saya ba. Amma in ka ce, “Inna, gyaɗar da kika soya shekaranjiya, a ina kika saye ta, nawa tiya, wa ya kai miki niƙa?” za ka ji gaskiya dalla-dalla, har da abin da ba ka tambaya ba.

Zauna ka yi lissafin kasko ɗaya

Nan ne nake so ka daɗe, don duk sauran karatun a kansa zai hau. Alƙaluman da zan kawo na misali ne, farashi yana sauyawa daga kaka zuwa bazara, kai za ka je ka samo na gaske.

A ce Hajiya ta sayi gyaɗa ta jika 10. Ta soya, ta kai niƙa, ta matse mai, ta toya ƙuli. Mai da ƙuli gaba ɗaya suka ba ta jika 13. In ka tambaye ta riba za ta ce jika 3, alhamdu lillahi. Sai ka buɗe littafi ka bi kuɗin ɗaya bayan ɗaya. Niƙa sefa 600. Itace 700. Ruwa 200. Kabu-kabun da ya ɗauko gyaɗar daga kasuwa 300. Robobin mai da leda 200. Jika 2 ke nan sun fita ba ta lissafa su ba, saboda a hankali suka zube, wasu ma daga bakin zanenta ta ciro su, ba daga kuɗin sana'a ba. Saura jika ɗaya. Aikin kuma kwana biyu ya ci, ita da ɗiyarta. In ka raba, kowace ta tashi da dala hamsin, wato sefa 250, a yini, a gaban wuta, da ciwon baya. Ba mu ma sa ƙulin da yara suka ɗiba ba, da man da maƙwabciya ta karɓa bashi “sai Alhamis”.

Kada ka yi gaggawar gaya mata cewa ba ta cin riba. Ta fi ka sanin sana'arta, kuma akwai abin da littafinka bai gani ba: sana'ar ce ke sa kullum akwai ɗan canji a hannunta na cefane, ita ce ke ba ta damar zubin adashe. Abin da za ka nema shi ne inda ƴar gyara kaɗan za ta bar mata kuɗi mai yawa. A wannan misali, gyaɗar ce ta cinye jika 10 cikin 12 da aka kashe. In da za a sayi gyaɗa da kaka a ajiye, ta sauko da kashi 10 cikin 100 kawai, jika ɗaya ta ƙaru, ribarta ta ninka. Rage kuɗin leda ba zai taɓa yin haka ba. Ka ga tun kafin ka shiga aji ka san cewa matsalarta ta jari ce da ajiya, ba ta talla ba ce, ba kuma ta kwalba mai tambari ba, wadda ita ce abin da ɗalibai suka fi son kawowa don tana kyau a hoto.

Yanzu ka iya rubuta buri. A maimakon “ina son taimakon mata”, sai ka ce: “Kafin in gama lisansi, ina so in iya tsara wa ƙungiyar mata 20 masu man gyaɗa a unguwarmu yadda za su sayi gyaɗar shekara da kaka da kuɗinsu, su ajiye ta ba ta lalace ba, har abin da ke saura a hannun kowace bayan kasko ya ƙaru, kuma in nuna haka a littafi.” Ya fi tsawo, bai kai na farko daɗin ji ba, amma duk malamin da ya karanta ya san ka taka ƙasa.

Wa zai biya?

Wannan ce tambayar da masu kyakkyawar zuciya suka fi gudu. Suna jin kunyar karɓar kuɗin talaka. Ni kuwa na ga abin da kyauta ke haifarwa. Ba ƙauye ɗaya ba, ba biyu ba, na tarar da injin niƙa na furoje a kulle cikin ɗaki, ƙura ta rufe shi. An kawo shi da kiɗa da jawabi, ya yi aiki har ranar da wani ƙarfe ya karye, aka duba asusu ba ko dala, furojen kuma wa'adinsa ya cika, motocinsa sun koma. Ba wanda ya ci amana. Tun farko ne ba a tambayi wanda zai biya gyara ba.

Ba mu kaɗai ba ne. A 2006 gwamnatin Amurka da wasu gidauniyoyi suka yi alkawarin sama da dalar Amurka miliyan 16 don kafa wani famfo mai suna PlayPump a ƙasashen Afirka kudu da Sahara. Lilo ne na juyawa, yara na wasa, ruwa na hawa tanki, kuɗin gyara kuma wai daga allunan talla da ke jikin tankin zai fito. Yara suka gaji da wasa, mata suka koma tura lilo da hannu, masu talla ba su damu da ƙauyuka ba, famfuna da yawa suka tsaya.

Gwada wannan da abin da aka fara a nan kusa da mu. A 1991 ƙungiyar CARE ta soma Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi, a kan adashen da iyayenmu suka sani tun tuni. Mata su taru kowane mako, su yi zubi, su ranta wa junansu, in zagaye ya cika su raba. Ba kuɗin kowa a cikin akwatin sai nasu, shi ya sa in masu furoje sun tafi akwatin ba ya tafiya da su. Yau ana bin wannan tsari a ƙasashe da dama na Afirka da Asiya. Za a koya maka labarin Muhammad Yunus na Bangladash, wanda ya ranta wa mutum 42 dalar Amurka 27 a ƙauyen Jobra a 1976, ya kafa bankin Grameen a 1983, ya samu kyautar Nobel a 2006. Ka koya, yana da amfani. Amma abin haushi ne ɗan Damagaram ya iya ba da labarin Jobra bai taɓa zama taron Mata Masu Dubara na bayan gidansu ba.

A cikin garin nan ma akwai abin dubawa. Kamfanin Sahara Sahel Foods, wanda Josef Garvi ya kafa a 2014, yana sayen aduwa da magarya da goriba da hanza hannun mutanen karkara, yawancinsu mata, ya sarrafa su ya sayar. Ba rabo yake yi ba, ciniki ne. Kuma itacen da ɗiyansa ke kawo kuɗi, mai gona ba ya barin a sa masa gatari. In ka samu sitaj a wuri irin wannan, ka lura da abin da ya fi ba su wuya, ko tattaro kaya daga ƙauyuka ne, ko samun mai saye.

Ba kowace matsala ce kasuwanci ke warwarewa ba, wannan ma ka sani. Maraya da tsohon da ba shi da kowa, haƙƙinsu zakka ne da sadaka da wakafi da aikin hukuma. In ka duba ka ga wanda zai amfana ba zai taɓa iya biya ba, kuma ba wani na uku da zai biya dominsa a kai a kai, to abin da kake so ka kafa ƙungiyar agaji ce. Ba laifi ba ne, amma ka kira ta da sunanta, ka koyi yadda ake tafiyar da ita.

Makaranta da darussan da za ka riƙe da hannu biyu

Zaɓin makaranta ba zan daɗe a kansa ba. Tsangayar tattalin arziki da tafiyar da kasuwanci akwai ta a Tawa, akwai ta a jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai. A nan gida, jami'ar André Salifou tana da IUT, wato cibiyar koyon fasaha, inda ake karanta sufuri da jigilar kaya, kuma kada ka raina wannan fanni, don rabin wahalar manominmu ta ɗauko kaya ce daga gona zuwa inda mai saye yake. In makarantar kuɗi za ka shiga, ka tabbatar hukuma ta san da takardar da suke bayarwa kafin mahaifinka ya sayar da bijiminsa.

Darasin da ɗalibai suka fi ƙi, wato konta, ilimin riƙe littafin kuɗi, shi ne wanda za ka fi buƙata. Sa wa kanka buri a shekarar farko: ka riƙe littafin sana'a ɗaya ta gaske daga farkon shekara zuwa ƙarshenta, ko da teburin mai shayi ne. Duk abin da aka koya maka a aji, ka zo ka gwada shi a kan wannan littafi. Abin da ya ƙi zama, koma ka tambayi malam.

A shekara ta biyu ka ƙware a lissafin da ke nuna yawan cinikin da zai mayar da kuɗin da aka kashe. Mu koma kan injin niƙa. A ce an saye shi jika 600, ana sa ran zai yi shekara 5. Kowane wata sai an ware jika 10 an ɓoye, kuɗin magajinsa ke nan. Mai tuƙa inji jika 25, hayar ɗaki jika 10. Ko an yi niƙa ko ba a yi ba, jika 45 na jiran ka duk wata. In kowane niƙa ana biyan 600, gazuwal ya ci 300, saura 300. Raba 45,000 da 300, ka samu 150. Sai an yi niƙa 150 a wata, biyar ke nan kullum, kafin a ce inji ya ɗauki kansa. Yanzu je ka ƙirga matan da ke soya gyaɗa a unguwar, da sau nawa kowace ke yi a mako. In ba su kai ba, ka ceci mutane daga sayen abin da zai zame musu kaya. Wannan lissafi na minti goma da an yi shi, da injuna da yawa ba su kwana a kulle ba.

Sai doka. Nijar tana cikin ƙasashe 17 masu bin dokokin kasuwanci na OHADA, kuma tun 2010 akwai doka ta musamman a kan ƙungiyoyin haɗin gwiwa. Mutum 5 sun isa su kafa ƙaramar, wadda ake kira SCOOPS, babbar mai majalisar gudanarwa kuwa sai 15. Ka san bambancin wannan da kamfani, ka san yadda ake samun rijistar kasuwanci da lambar NIF ta haraji. Dalilin da ya sa na damu da wannan: duk ranar da abu ya fara kawo kuɗi, tambayar farko ita ce na wane ne. In mata 20 suka yi wahala amma takarda da sunanka kai kaɗai take, to ka zama ubangidansu, ko da ba haka ka nufa ba.

Ka koyi Excel sosai tun kana da kwamfutar makaranta. Ka kuma koma wurin malaminka na zaure ku bi babin ciniki na fiƙihu, don a kasuwar Dole ba wanda zai tambaye ka abin da littafin Faransa ya ce, amma za a tambaye ka ko abin nan halas ne.

Jari, da maganar kuɗin ruwa

Za a tambaye ka ɗin kuwa. A 2014 an ƙayyade wa asusun ba da ƙananan rance na ƙasashen sefa na Afirka ta Yamma cewa ruwan da za su ɗora kada ya wuce kashi 24 cikin 100 a shekara, bankuna kuma 15. Ko da ƙasa da haka ne, mutanenmu da yawa ba za su taɓa ba, saboda riba ce, kuma ba aikinka ba ne ka yi musu gardama. Aikinka ka san wasu hanyoyin. Akwai ƙiradi: wani ya kawo jari, wani ya kawo ƙarfinsa, a raba abin da aka samu bisa kason da aka yi yarjejeniya, in an faɗi ba da sakaci ba mai jari ya ɗauki asarar kuɗi, mai aiki ya yi asarar wahalarsa. Akwai murabaha, inda mai kuɗi zai sayi kayan da kansa ya sayar maka da ƙarin da kuka sani tun farko. Garin da ya fitar da attajirai irin su Malam Yaro tun kafin Faransawa su shigo a 1899 ba baƙo ba ne ga haɗa jari da amana. Abin da ya rage mana shi ne rubutawa, da shaidu, da ranar da za a zauna a yi lissafi.

Ka kuma nazarci jinginar amfanin gona, wadda hukumar FAO ta taimaka aka yaɗa a Nijar tun daga 1999. Manoma su zuba hatsi ko wake a mangaza da kaka, a sa kwaɗo biyu, makulli ɗaya a hannun ƙungiya, ɗaya a hannun asusu. A ba su rancen wani kaso na darajar kayan su yi sana'ar rani, su biya, a buɗe mangaza lokacin da kaya suka yi tsada. Tsari ne mai kyau, amma akwai shekarar da farashi ba ya tashi, kuma ɗalibin kirki shi ne wanda ya lissafa wannan shekarar tun kafin ta zo.

Haka nan iyaka. Kasuwarmu da Kano da Daura da Mai'aduwa a ɗaure take. Najeriya ta rufe iyakarta a watan Agusta na 2019, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Yuli na 2023, har da yanke wutar da ke zo mana daga can. Naira kuma yau ta hau gobe ta sauka, alhali sefa tana ɗaure da yuro a kan farashi ɗaya tsayayye. Duk tsarin da ka rubuta, ƙara masa shafi ɗaya: in an rufe iyaka wata shida, ko naira ta faɗi har man gyaɗar Najeriya ya fi namu araha, me za mu yi? In sana'ar tana buƙatar firji, in kuran ya ɗauke fa?

Abin da za ka ƙirga

Yawan mutanen da suka zo taro ba sakamako ba ne. Yawan waɗanda aka horar ma ba sakamako ba ne, musamman in an raba kuɗin mota. Ƙirga abin da ya saura a hannun mace bayan kasko, ko yawan watannin da rumbu ya kai kafin a fara awo, ko kuɗin bidon ruwa a watan Afrilu. Abu ɗaya ko biyu sun isa, amma ka rubuta su tun kafin ka taɓa komai, in ba haka ba ba ka da abin gwadawa.

Kuma ka nemi waɗanda ba ka taɓa ba ka gwada da su, don wataƙila damina ce ta yi kyau, kowa ya samu, kai kana cewa aikinka ne. Haka wata mai bincike, Jenny Aker, ta yi a kasuwannin hatsin Nijar tsakanin 2001 da 2006. Ta gwada kasuwannin da salula ta isa da waɗanda ba ta kai ba tukuna, ta gano cewa tazarar farashi tsakanin kasuwanni ta ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100 inda waya ta shiga. Irin wannan gwaji ne kuma ya rage wa ƙananan rance kwarjini: binciken da aka buga a 2015 daga ƙasashe shida, cikinsu har da Habasha da Maroko da Indiya, ya nuna rancen yana taimaka wa wasu su faɗaɗa sana'a, amma bai fitar da yawancin gidaje daga talauci ba kamar yadda aka yi ta yayatawa.

Tambayar da ba a son yi ita ce wa ya yi asara. In ka kafa wurin sayar da ruwa mai araha, ƴan garuwa fa, su da iyalinsu? In inji ya zo, matan da ke daka da surfe a biya su fa? In ƙuli ya ƙaru, wa zai ɗauki tallarsa? In amsar ita ce yarinyar da ya kamata tana lakkol, to ribar uwa ta ƙaru, ɗiya ta biya. Rubuta wannan a cikin burinka da hannunka: ba za a ƙara wa yarinya ko awa ɗaya ta talla ba saboda aikina. Sai ka nemi mai shago ko mai sari da zai ɗauki kayan a dunƙule.

Gida, da aljihunka

A gida ana jiran ka zama ma'aikaci mai albashi, kuma suna da hujja, sun kashe kuɗi. Kada ka yi musu jawabin ceton al'umma. Nuna wa mahaifinka littafin da kake riƙewa, ka ce, “Baba, ga abin da nake koyo, ga inda nake sa ran zai ciyar da ni.” In ka samu aikin albashi bayan karatu, a banki ko a wata ONG ko wurin wani Alhaji, karɓi abinka ka yi shekara biyu ko uku. Za ka ga yadda kuɗi ke tafiya da gaske, ka tara ɗan jari, ka san mutane.

Ranar da ka fara naka kuwa, yanka wa kanka albashi, komai ƙanƙantarsa, ka rubuta shi cikin kuɗin da ake kashewa. Wanda ya ce shi don Allah yake yi ba ya ɗaukar komai, shi ne za ka ga hannunsa na shiga akwati ranar suna ko ranar da aka kwantar da wani a asibiti, ba da niyyar sata ba, kuma daga nan lissafi ya rikice, zumunci ya ɓaci. Aljihu biyu, littafi biyu. In ɗan'uwa ya zo neman taimako, daga albashinka za ka ba shi, in ya ƙare ka ce ya ƙare.

A shekarar ƙarshe za a ce ka rubuta kundin kammala karatu. Kada ka ɗauko maudu'in da aka yi sau ɗari ka canza sunan gari. Kana da littafin shekara biyu na sana'a ta gaske, da alƙaluman kafin da na bayan, abin da yawancin ƴan ajinku ba su da shi. Rubuta a kansa da Faransanci don malamai, sannan ka taƙaita shi a shafi biyu da Hausa, da kuɗin a jika da dala yadda masu sana'ar ke ƙirgawa, ka je ka karanta musu, ka bar su su gyara maka inda ka yi kuskure, don za su samu. Nemi izinin shugabar ƙungiya tukuna, ka bar mata kwafi ɗaya, kuma kada ka sa taron ranar Alhamis, duk suna kasuwa.